Ciyar da Mai Naƙasa ba Tare da Ya Ƙware ba: Aikin Masanin Abinci a Zangon Nima da Mamobi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana a Nima ko Mamobi, manyan unguwannin zango na birnin Akra a ƙasar Gana, ya san abin da gari yake wayewa da shi. Tun kafin rana ta fito masu koko sun kafa tukwanensu a bakin hanya, ƙosai yana soyuwa a gefe, yara sun jeru da kofuna. Kokon gero mai citta da kanumfari da barkono ya yi suna a ƙasar, har waɗanda ba sa jin Hausa ma da "Hausa koko" suke kiransa. A wurin yawancin mutane shan kofi ɗaya bai wuce minti biyar ba. Amma akwai gidajen da wannan kofi ɗaya yakan ci awa guda, ana yi ana tari, ana kuka, rabin kokon a riga. Waɗannan su ne gidajen da ke da yaro ko babba mai naƙasar da ta taɓa masa haɗiya.

Wannan takarda za ta yi bayani a kan irin taimakon da masanin abinci yake bai wa waɗannan gidaje. Da "masanin abinci" ana nufin ma'aikacin lafiya wanda ya yi karatun tsara wa marasa lafiya abinci, wanda wasu ke ce wa likitan abinci. Abin da takardar take son nunawa shi ne, mai wahalar haɗiya yana tsakanin haɗari biyu, wato ƙwarewa da yunwa. Dabarar da aka saba yi a gida, ta tsinka abinci a ɗura, tana ƙara haɗarin duka biyun. Aikin masanin abinci shi ne ya samo hanyar da za a tsira daga dukkansu, da abincin da ke cikin tukunyar gidan.

2.0 Yadda Haɗiya Take Aiki

Hausa tana da kalmomi huɗu da za su taimaka wajen fahimtar wannan batu. Akan ce mutum ya ƙware, ko ruwa ya sarƙe shi, idan abin sha ko ɗan guntun abinci ya bi hanyar da ba tasa ba, har ya sa tari. Akan ce abu ya maƙale idan ya tsaya a maƙogwaro ya ƙi gaba ya ƙi baya, kamar ƙayar kifi. Akan ce ya shaƙe mutum idan ya toshe numfashi. Ɗalibi ya lura cewa "ƙware" na wannan takarda daban yake da "ƙware" na gwanancewa a kan sana'a, ko da yake a rubuce iri ɗaya ne.

Dalilin duk wannan yana cikin yadda aka halicci wuya. Hanyar iska da hanyar abinci sun haɗu a bayan baki, sa'an nan suka rabu. Ta iska tana gaba, ta nufi huhu. Ta abinci tana baya, ta nufi ciki. Idan mutum ya tauna loma, harshe ya tattara ta ya tura ta baya, sai maƙogwaro ya ɗaga sama, wani ɗan murfi ya rufe hanyar iska, numfashi ya tsaya na wajen daƙiƙa ɗaya, loma ta wuce. Mai karatu zai iya ɗora yatsa a maƙogwaronsa ya haɗiyi yawu, zai ji wannan ɗagawa. Wannan murfi ba shi ne belu ba, saboda haka cire belu wurin wanzami ba ya maganin wahalar haɗiya, sai dai ya ƙara ciwo da zubar jini.

Ƙwaƙwalwa ce take tsara wannan aiki. Idan ta sami rauni, sai tsarin ya rikice: leɓe ya kasa riƙe abinci, harshe ya kasa tattarawa, ko murfin ya makara wajen rufewa. Illa iri biyu ke biyo baya. Ta farko mai gaggawa ce, wato guntun abinci ya shaƙe mutum, kuma ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba numfashi. Ta biyu a hankali take zuwa, wato ruwa da ɓurɓushin abinci su riƙa sulalewa cikin huhu kullum, har su haifar da ciwon huhu. A wasu mutane wannan sulalewa ko tari ba ta sa su. Sai dai a ga zazzaɓi da ciwon ƙirji suna ta dawowa, ana ta sayen magani, ba a san daga kwanon abinci abin yake fitowa ba.

3.0 Waɗanda Abin ya Shafa

Ƙidayar jama'a da aka yi a Gana a 2021 ta nuna cewa kashi 8 cikin 100 na mutanen da suka kai shekara 5 zuwa sama, wato mutum fiye da miliyan 2, suna da wata wahala wajen gani, ko ji, ko tafiya, ko tunawa, ko magana, ko kula da kansu. Ba dukkansu ke da wahalar haɗiya ba. Rukuni biyu ne abin ya fi shafa.

Rukuni na farko su ne yara masu larurar shanyewar gaɓoɓi ta ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira serebral falsi. Takan samu ne idan ƙwaƙwalwar jariri ta yi rauni tun yana ciki, ko wajen doguwar naƙuda, ko sanadiyyar shawara mai tsanani a kwanakin farko, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Irin wannan yaro yakan makara wajen riƙe wuya da zama, jikinsa ya riƙa sandarewa ko ya saki, yawu yana dalala. Rukuni na biyu su ne manya masu shanyewar ɓarin jiki, wadda hawan jini ke yawan jawowa. Kusan rabin waɗanda wannan ciwo ya kama sukan sami wahalar haɗiya a kwanakin farko. Da yawa sukan warware cikin makonni, wasu kuma abin ya zauna musu. Bayan waɗannan akwai tsofaffi masu ciwon mantuwa ko ciwon karkarwa, da masu raunin fahimta waɗanda kan cika baki da abinci su haɗiye ba tauna.

Masana daga Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan sun yi bincike a kan yara 76 masu larurar shanyewar gaɓoɓi a wasu sassan Gana, aka buga sakamakon a 2018. A cikin waɗanda ba su kai shekara 5 ba, kashi 65 cikin 100 nauyinsu bai kai yadda ya kamata ba, kashi 54 kuma sun tsumbure. Yaran da suka fi shan wahalar ci su ne suka fi ramewa. Wannan ya nuna cewa ramar da ake gani a jikin irin waɗannan yara ba daga larurar kaɗai take ba. Babban rabonta yunwa ce.

4.0 Tsinka Koko da Ɗura

Mu ɗauki misali. A ce ga wata mata a Nima mai sayar da atamfa a Kasuwar Makola, babbar kasuwar tsakiyar Akra. Tana da ɗa mai shekara huɗu wanda bai iya zama da kansa ba. Dole ta kama motar tirotiro da sassafe, don in ba ta fita ba gidan ba zai ci ba. Ta gwada ba shi tuwo, ya kasa taunawa. Ta gwada koko mai kauri, ya riƙa turo shi da harshe. Sai ta ƙara ruwa kokon ya tsinke, ta kwantar da yaron a cinya, kansa ya lanƙwashe baya, ta tara tafin hannu a bakinsa ta riƙa zubawa. Wannan shi ne ɗura, kuma tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa da sauran Afirka ta Yamma. Cikin minti goma kofi ya ƙare. Da rana kakarsa za ta maimaita.

Babu mai zargin wannan uwa, domin ƙauna da ƙarancin lokaci ne suka sa ta. Amma a duba abin da ya faru. Na farko, abu mai ruwa-ruwa ya fi gudu a baki, yakan isa maƙogwaro kafin murfin ya rufe. Ga mai jinkirin haɗiya, ruwa tsararo ya fi komai saurin sarƙewa. Na biyu, idan kai ya lanƙwashe baya hanyar iska takan buɗe sosai, shi ya sa masu ceton rai ke ɗaga haɓar wanda ya suma. Na uku, yaron da ke kuka yana jan numfashi da ƙarfi, abin da ke bakinsa kuwa yana bin iskar. Toshe hanci da wasu ke yi don ya haɗiye ya fi duka muni. Na huɗu, kokon da aka tsinka yawancinsa ruwa ne. Cikin yaro ƙarami ne, ya cika da ruwa kafin jiki ya sami abin da yake bukata. Yaron da ya rame kuwa tsokar haɗiyarsa da ta tari sukan ƙara rauni, gobe sai ya fi yau ƙwarewa. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

5.0 Wane ne Masanin Abinci?

Akra tana da tsohon tarihi a wannan fanni. A tsakiyar birni, ba nisa da Makola, akwai Asibitin Yara na Princess Marie Louise, wanda aka buɗe a 1926. A nan ne likita Cicely Williams ta yi aiki, ta bayyana a 1933 wata cutar yara da ta danganta da abincin masara zalla. A 1935 ta ba ta sunan da mutanen Ga suke kiranta da shi, wato kwashoko, ciwon da ke kama yaro idan an yi masa ƙane an ture shi daga nono. Darasin da ta bari shi ne, cika ciki daban, gina jiki daban.

A yau ana horar da masana abinci a Jami'ar Gana, a makarantarta da ke Korle Bu, da kuma Jami'ar Kiwon Lafiya da ke garin Ho, wadda aka kafa a 2011. Wata doka ta 2013 ta kafa hukumar da ke yi musu rajista tare da sauran ma'aikatan lafiya irinsu. Masanin abinci ba shi kaɗai yake aiki ba. Masanin gyaran magana shi ne ke auna haɗiya, ya faɗi irin kauri da laushin da mutum zai iya. Jami'ar Gana ta fara digiri na biyu a wannan fanni a 2016. Likitan gashi yana gyara zama. Likita yana duba huhu da magunguna. Asibitin Koyarwa na Korle Bu yana da sashen masu shanyewar ɓarin jiki tun 2014, inda irin waɗannan ma'aikata ke haɗa hannu. Ga mutanen zango kuwa, ƙofar farko ita ce asibitin unguwa, kamar Babban Asibitin Mamobi, ko wurin awon yara, daga nan a tura su gaba.

Masanin abinci yakan fara da awo: nauyi, tsawo, da kaurin dantse. Sa'an nan ya yi tambaya. A misalinmu hirar za ta iya kasancewa kamar haka:

"Sannu da ƙoƙari, Hajiya. Yaya yake yi idan ana ba shi koko?"

"Wallahi 'yata, tari yake ta yi, idonsa ya kawo ruwa. In ya gama sai ka ji ƙirjinsa yana kurkur."

"In da cokali aka ba shi, yakan daɗe?"

"Daga fitar uwarsa har rana ta take. Shi ya sa muke ɗura masa."

"To Hajiya, gobe ki zo mini da kokon, da kofin, da cokalin. Ina son in ga yadda kuke yi a gida."

Alamomin da take nema su ne tari ko sauyin launi lokacin ci, idanu masu kawo ruwa, murya mai kama da kurkurar baki, ciwon ƙirji mai dawowa, cin abinci da ke wuce minti 30, da nauyin yaro da ya tsaya wata biyu ko uku.

6.0 Ma'aunin Kauri da Laushi

Da can kowane asibiti da nasa kalmomi. Abin da wani ya kira "mai laushi" wani yana ganinsa mai tauri. A 2013 masana daga ƙasashe da dama suka kafa wani kwamiti da aka fi sani da IDDSI, suka fitar da ma'auni ɗaya a 2015. Yana da matakai takwas, daga 0 zuwa 7. Abin sha yana daga 0 zuwa 4, abinci daga 3 zuwa 7. Amfanin ma'aunin ga gida kamar na Nima shi ne, gwajinsa ba ya bukatar injin komai.

Abin sha da sirinji mai cin mililita 10 ake gwada shi, ba allura. A toshe bakin da yatsa, a cika, a saki na daƙiƙa 10, a duba abin da ya rage. In bai kai mililita 1 ba, mataki na 0 ne, kamar ruwa da shayi. Daga 1 zuwa 4 mataki na 1 ne. Daga 4 zuwa 8 mataki na 2. Fiye da 8 mataki na 3. Mataki na 4 shi ne abin da ya zauna a cokali bai zuba ba, amma in an karkata cokalin ya faɗo dunƙule ɗaya bai manne ba, kuma babu gudaji. Mataki na 5 abinci ne da aka daddage ƙanana, mai danshi: gudaji kada su wuce milimita 4 ga babba, wato faɗin tsakanin yatsun cokali mai yatsu, milimita 2 ga yaro. Mataki na 6 abinci ne mai laushi da aka yanka, kada yanka ya wuce milimita 15 ga babba, wajen faɗin farcen babban yatsa, milimita 8 ga yaro, kuma ya murƙushe idan an danna shi da cokali mai yatsu. Mataki na 7 shi ne abincin kowa.

Yanzu a ɗora abincin zango a kan wannan ma'auni. Koko ba shi da mataki ɗaya. Yana iya zama 1 ko 3 gwargwadon hannun mai damawa, yana ƙara kauri idan ya huce, kuma yakan tsinke idan cokali mai yawu yana komawa cikinsa, domin yawu yana narkar da sitaci. Saboda haka a gwada shi a zafin da za a sha, a riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan a wani ƙaramin kwano. Tuwon zafi mai laushi, idan an dama shi da miyar ayoyo da aka markaɗa, yana iya zama mataki na 4. Haka faten doya da ake kira mpotompoto, da tuwon shinkafa da aka murje da miyar gyaɗa. Fufu da banku kuwa suna da danƙo, kuma a dunƙule ake haɗiye su, saboda haka suna da haɗari ga mai raunin haɗiya ko da an ga suna da laushi.

Akwai wani rukuni mai yaudara, wato abinci mai fuska biyu, ruwa da tsaki a cokali ɗaya: burkina mai ƙwayoyin gero cikin madara, fura mai gudaji, garin rogo jiƙaƙƙe, koko da aka watsa wa gyaɗa, romo mai gutsattsarin nama. Ruwan yakan riga tsakin gangarawa alhali baki yana fama da tauna. Maganinsa a markaɗa a tace. Sai kuma abubuwan da suka fi shaƙewa: gyaɗa, aya, goro, dabino mai ƙwallo, alewa, tsire, ganda da ake sa wa wakye, ƙayar kifi, da burodi busasshe.

Kada a ɗauka cewa kauri kullum shi ne tsira. Abu mai kauri da yawa yakan bar saura a maƙogwaro, kuma mutum yakan rage sha idan an kaurara masa ruwa, ga zafin Akra. Ba a kaurara wa jariri madara sai da umarnin likita. Mataki na kowa daban ne, ma'aikacin da ya auna shi ne zai faɗa, kuma yana iya sauyawa idan mutum ya sami sauƙi.

7.0 Ƙara wa Loma Ƙarfi

Wanda ba zai iya cin da yawa ba, dole kowane cokali ya ɗauki kaya. Nan ne gwanintar masanin abinci take. Babban cokali ɗaya na mai yana da kalori wajen 120, saboda haka ɗan manja ko man gyaɗa a cikin fate yana ƙara ƙarfi ba tare da ƙara yawa ba. Ana iya dama koko da garin madara, ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa da aka narkar sarai. In ba a narkar ba tana manne wa ganɗa. Ana iya kaɗa ƙwai cikin kunu yana kan wuta har ya dahu. Busasshen kifi ana daka shi a tankaɗe, wake a cire ɓawonsa a dafa ya yi luguf, ganyen kontomire a dafa a markaɗa, fiya da ayaba nunanniya a murje. Garin da ake kira Tom Brown, idan an haɗa soyayyiyar masara da waken soya da gyaɗa, ya fi kokon masara zalla gina jiki. Duk waɗannan ana samunsu a Makola da kasuwar Nima, ba sai an nemi gwangwanin kanti ba. Maimakon ci uku masu tsawo, a raba shi biyar ko shida gajeru, domin gajiya tana ɓata haɗiya.

Ga dattijo mai shanyewar ɓarin jiki lissafin yakan bambanta. Sau da yawa yana da hawan jini ko ciwon sukari, saboda haka a rage gishiri da dunƙulen miya da sukari, amma kada a rage har ya rame. Idan kuwa haɗiya ta gagara gaba ɗaya, likita zai iya shawartar a sa roba ta hanci ko ta ciki, masanin abinci ya tsara abin da za a riƙa zubawa.

Akwai gaskiyar da ba a ɓoyewa. Masanan Landan da aka ambata sun yi kusan shekara guda suna horar da iyaye rukuni-rukuni a Gana, da wani shiri na sanin larurar shanyewar gaɓoɓi. Iyayen sun ƙara sani, sun sami sauƙin zuciya, sun gyara yadda suke ciyarwa, amma yawan yara masu rama bai ragu ba. Ilimi ba ya sayen ƙwai. Shi ya sa masanin abinci nagari yakan fara tambayar abin da gida yake iya saye, ya kuma nuna wa iyali hanyar inshorar lafiya ta ƙasa da ofishin jin daɗin jama'a.

8.0 Zama da Ba da Abinci

Ladubban ci da ake koya wa yara a makarantun zango, wato a zauna, a rage loma, a tauna sosai, a sha ruwa da hutawa, sun yi daidai da abin da ma'aikatan lafiya ke faɗi. Mai ci ya zauna a miƙe, ƙafafunsa a kan wani abu, kansa a tsakiya, haɓarsa ta ɗan sunkuya. Yaro ƙarami za a iya zaunar da shi a cinya, a tallafe kafaɗa da wuya. Wanda ya fi girma ana iya sa shi a kusurwar ɗaki da matasai, ko a kujerar da ake yi da kwali da takarda da sitaci, dabarar da ta faro daga Zimbabuwe aka kuma koyar da ita a Gana. Kwali kuwa ba ya yankewa a Makola.

Mai bayarwa ya zauna daidai da fuskar mai ci, don kada ya ɗaga kai. A yi amfani da ƙaramin cokali mara zurfi, a jira a ga maƙogwaro ya motsa kafin a ƙara. Kofin roba da aka yanke wa gurbin hanci yana sa a sha ba tare da lanƙwasa kai ba. Kada a ciyar da mai gyangyaɗi, ko mai kuka, ko wanda farfaɗiya ta sake shi yanzu. A gida mai yawan haya, inda tsakar gida ba ta rabo da hayaniya, a nemi gefe mai shiru. In an gama a duba kumatu ko akwai saura, a bar shi a zaune minti 30. A wanke baki safe da dare, domin ƙwayoyin cuta na baki su ne ke bin yawu zuwa huhu. Kuma duk mai ciyar da shi, uwa da kaka da yayye, su koyi hanya ɗaya.

9.0 Idan Abu ya Shaƙe Mutum

Lungunan Nima matsattsu ne, motar asibiti ba za ta iso ƙofar ɗaki cikin minti huɗu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka kowa a gidan ya san abin yi. Idan mutum yana tari da ƙarfi, a bar shi ya yi ta tari. Kada a ba shi ruwa, kada a tura masa lomar tuwo, kada a zura yatsa ana lalube. Idan ya kasa tari da magana da numfashi, a sunkuyar da shi gaba, a buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu har sau 5. In bai fita ba, a tsaya bayansa, a dunƙule hannu a ɗora sama da cibiya kaɗan, a kama da ɗaya hannun, a ja ciki da sama da ƙarfi har sau 5. Wannan ita ce dabarar da likita Henry Heimlich na Amurka ya bayyana a 1974. A riƙa sauyawa tsakanin biyun, wani kuma ya kira 112, lambar gaggawa ta Gana.

Jaririn da bai kai shekara ɗaya ba, a kifa shi a kan hannu kansa na ƙasa, a buga bayansa sau 5, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji sau 5. Ba a danna masa ciki. Mai juna biyu ma ƙirji ake danna mata. Wanda ke kan keken guragu, a fara taka birkin keken. Idan mutum ya suma, a kwantar da shi a ƙasa a shiga danna ƙirji har taimako ya zo. Duk wanda aka danna wa ciki a kai shi asibiti a duba shi, ko da abin ya fita. Karatu kaɗai bai isa a iya wannan ba, sai an gwada a gaban ma'aikacin lafiya.

10.0 Kammalawa

An ga yadda haɗiya take aiki, da yadda naƙasa ke rikita ta, da dalilin da ya sa tsinkakken koko da ɗura suke jawo ciwon huhu da rama a lokaci ɗaya. An kuma ga abubuwa uku da masanin abinci da abokan aikinsa suke gyarawa: kaurin abinci, ƙarfin da ke cikinsa, da zaman mai ci. Gana ta yi Dokar Masu Naƙasa a 2006, ta kuma amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2012, amma masana abinci da na haɗiya ba su wadaci jama'a ba, kuma yawancinsu a manyan asibitoci suke. Saboda haka nauyin yana kan masu ciyarwa a gida. A misalinmu, kakar nan ba ta bukatar sabon abinci. Kokon nan ne dai na bakin hanya za ta tace, ta dama da madara da gyaɗa zuwa kaurin da aka nuna mata, ta zaunar da jikanta a miƙe, ta ba shi da ƙaramin cokali tana jiran ya haɗiye. In wata ya zagayo ta kai shi awo, a ga ko nauyi ya motsa.